Sadarwa tsakanin al'adu a ƙungiyoyin binciken kimiyya na ƙasa da ƙasa

Sadarwa tsakanin al'adu a ƙungiyoyin binciken kimiyya na ƙasa da ƙasa tana nufin ilimi da ɗabi'u da dabarun da masana kimiyya ke buƙata domin su fahimci juna yayin da suke aiki tare alhali sun fito daga ƙasashe da harsuna da tarbiyya daban-daban. Fannin ya shafi harshen da ake aiki da shi, da yadda ake bayyana saɓani, da yadda ƙarami ke tunkarar babba, da yadda ake yanke shawara, da kuma yadda ake raba yabo idan bincike ya haifar da sakamako.

Masu nazarin fannin sun lura cewa ƙarancin sanin harshe ɓangare ne kawai na matsalar. Babban abin da ke jawo rashin jituwa shi ne ƙa'idojin da ba a furtawa, waɗanda kowane ɓangare yake zaton kowa ya san su. Saboda haka ne manyan ayyukan haɗin gwiwa, irin su cibiyar CERN da Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, suka ɗauki hanyar rubuta irin waɗannan ƙa'idoji a fili tun kafin a soma aiki.

Dalilin muhimmancin fannin

Binciken kimiyya na zamani yana ƙara zama aikin taron dangi. Rahoton da ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya, Royal Society, ta fitar a shekarar 2011 ya nuna cewa sama da kashi 35 cikin ɗari na maƙalun da ake bugawa a mujallun kimiyya na duniya, marubutansu sun fito ne daga ƙasa fiye da ɗaya, alhali shekaru 15 kafin nan adadin kimanin kashi 25 ne. Akwai ayyukan da ƙasa ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyinsu. Aikin karanta kundin ƙwayoyin gadon ɗan Adam, wanda aka yi daga 1990 zuwa 2003, ya haɗa cibiyoyi 20 na Amurka da Birtaniya da Japan da Faransa da Jamus da Sin.

Haɗuwar mutane daban-daban tana da riba, tana kuma da tsada. A shekarar 2010 Günter Stahl da abokan aikinsa suka tattara sakamakon nazari 108 a kan ƙungiyoyin aiki masu gaurayen al'adu. Sun gano cewa irin waɗannan ƙungiyoyi sun fi kawo sababbin dabaru, amma kuma sun fi fuskantar saɓani da raunin haɗin kai. Richard Freeman da Wei Huang na Jami'ar Harvard sun bi diddigin maƙalu kimanin miliyan 2.5 da aka rubuta a Amurka, suka ga cewa waɗanda marubutansu suka fito daga ƙabilu daban-daban sun fi samun ambato a ayyukan sauran masana. Manufar horo a wannan fanni ita ce ƙungiya ta ci ribar bambancin ba tare da saɓanin ya durƙusar da aikin ba.

Tarihin fannin

Ana ɗaukar Edward T. Hall (1914–2009), Ba'amurke masanin al'adun ɗan Adam, a matsayin wanda ya aza harsashin nazarin sadarwa tsakanin al'adu. A farkon shekarun 1950 ya horar da jami'an diflomasiyyar Amurka, daga nan ya wallafa littafin The Silent Language a 1959. A littafinsa Beyond Culture na 1976 ya bambanta al'adu iri biyu. Akwai waɗanda ake zuba dukkan saƙo a cikin kalmomi, a faɗi abu ɓaro-ɓaro, kamar yadda ya siffanta Jamus da Amurka. Akwai kuma waɗanda yawancin saƙon yana cikin yanayi da dangantaka da abin da aka bari ba a faɗa ba, kamar Japan da ƙasashen Larabawa.

Geert Hofstede (1928–2020), ɗan ƙasar Holan, ya yi amfani da takardun tambayoyi sama da 100,000 da ma'aikatan kamfanin IBM suka cike tsakanin 1967 da 1973. A littafinsa Culture's Consequences na 1980 ya fito da ma'aunai huɗu na kwatanta ƙasashe. Biyu daga cikinsu sun fi shafar ɗakunan gwaje-gwaje: tazarar iko tsakanin shugaba da na ƙasa da shi, da kuma fifita mutum ɗaya ko fifita jama'a. A 1986 Milton Bennett ya tsara matakai shida da mutum ke bi wajen karɓar bambancin al'ada, daga musanta bambancin har zuwa iya rayuwa cikin al'adu biyu. A 2014 kuma Erin Meyer ta makarantar INSEAD ta wallafa The Culture Map, wanda ake yawan amfani da shi a kwasa-kwasan horo.

Nazarin da ya shiga cikin masana kimiyya kansu ya zo ne daga Sharon Traweek. A littafinta Beamtimes and Lifetimes na 1988 ta kwatanta masana fiziks na cibiyar SLAC da ke Kalifoniya da takwarorinsu na cibiyar KEK da ke Tsukuba a Japan. Ta tarar cewa masanan suna ganin kimiyya ba ta da al'ada, amma a aikace tsarinsu ya sha bamban. A Amurka ƙungiyar bincike ta yi kama da ƙungiyar wasa mai koci, inda ake sa ran matashi ya tallata kansa ya yi gogayya. A Japan ta fi kama da gida mai maigida, inda ake tuntuɓar kowa kafin yanke shawara kuma ake zama tare na tsawon shekaru. Wannan zato na cewa «duk masana kimiyya ɗaya ne» ya dace da mataki na uku a tsarin Bennett, wato raina girman bambanci.

Peter Galison, masanin tarihin kimiyya, ya ƙara wani tunani a littafinsa Image and Logic na 1997. Ya ce masana daga fannoni daban-daban suna haɗuwa ne a wani fage irin na kasuwa, inda suke ƙirƙiro sauƙaƙƙen harshe na ciniki domin aiki ya tafi ko da ba su fahimci juna ɗari bisa ɗari ba. Misalin da ya fi kusa da mai jin Hausa shi ne Barikanci, sauƙaƙƙiyar Hausar da sojoji masu harsuna daban-daban suka riƙa amfani da ita a barikoki.

Harshen aiki

A farkon ƙarni na 20 Turanci da Jamusanci da Faransanci ne suka raba rubuce-rubucen kimiyya a tsakaninsu, kamar yadda Michael Gordin ya bayyana a littafinsa Scientific Babel na 2015. Bayan yaƙe-yaƙen duniya biyu Turanci ya mamaye fagen, har ta kai yau mafi yawan maƙalun kimiyya da shi ake bugawa. Hakan ya sauƙaƙa musayar ilimi, amma ya ɗora nauyi a kan waɗanda Turanci ba harshensu na farko ba ne.

A shekarar 2023 Tatsuya Amano na Jami'ar Queensland da abokan aikinsa suka buga nazari a mujallar PLOS Biology, bayan sun tambayi masana kimiyyar muhalli 908 daga Bangaladash da Bolibiya da Birtaniya da Japan da Nepal da Najeriya da Sifen da Yukiren. Sun gano cewa wanda Turanci ba harshensa ba ne yana iya buƙatar ƙarin lokaci har kashi 91 cikin ɗari wajen karanta maƙala, da kashi 51 wajen rubuta ta. An kuma fi ƙin karɓar maƙalunsu saboda harshe har ninki 2.6, sannan an fi neman su gyara Turancin rubutunsu har ninki 12.5.

A taron ƙungiya, wannan nauyi yana bayyana ta hanyar shiru. Mai fassara tunaninsa a zuci kafin ya yi magana yakan tarar an wuce batun. Sau da yawa waɗanda Turanci harshensu ne na gado su ne suka fi wuyar fahimta, saboda saurin magana da karin magana da barkwanci da taƙaita kalmomi. Shi ya sa ake horar da su ma a kan rage sauri, da amfani da gajerun jimloli, da rubuta muhimman lambobi a allo.

Wuraren da aka fi samun saɓani

Bayyana rashin amincewa. Kimiyya tana rayuwa ne da suka, amma hanyar yin sukar ta bambanta. A Holan da Jamus da Isra'ila, gaya wa abokin aiki a gaban jama'a cewa lissafinsa kuskure ne abu ne da aka saba, ana ma ganinsa alamar ɗaukar aikin da muhimmanci. A Japan da Koriya da Tailan ana kauce wa kunyata mutum a bainar jama'a, sai a keɓe shi ko a yi masa hannunka mai sanda. Baturen Ingila yakan lulluɓe suka da kalmomin ladabi, har baƙo ya zaci yabo ne. Kalmar «hai» ta Japananci sau da yawa tana nufin «ina jin ka», kamar yadda «to» a Hausa ba kullum take nufin an amince ba.

Girma da muƙami. A jami'o'in Denmak da Suwidin da Ostireliya ɗalibi yana kiran farfesa da sunansa na yanka, yana kuma ja da shi a taro. A ƙasashe da dama na Afirka da Asiya da Gabas ta Tsakiya ana ganin hakan rashin ladabi ne. Haɗarin da ke nan na kimiyya ne: ƙaramin ma'aikacin da ya ga kuskure a bayanai yana iya yin shiru saboda girmama shugaba, shi kuma shugaban ya ɗauki shirun a matsayin amincewa. Amy Edmondson ta Harvard ta nuna a 1999 cewa ƙungiyoyin da mambobinsu ke jin za su iya faɗin kuskure ba tare da an wulakanta su ba sun fi koyo daga kurakuransu.

Yanke shawara. A wasu wurare taro shi ne inda ake muhawara a yanke hukunci nan take, daga baya a gyara idan an ga dama. A Japan akwai al'adar nemawashi, wato bin mutane ɗaya bayan ɗaya a shawo kansu kafin ranar taro, ta yadda taron zai zama tabbatarwa kawai. Wanda bai san haka ba yana iya kawo sabuwar shawara a taron ya yi mamakin yadda kowa ya yi gum.

Lokaci da kalanda. Hall ya bambanta masu yin abu ɗaya a lokaci ɗaya bisa jadawali, da masu haɗa abubuwa da yawa suna fifita hulɗa a kan agogo. Bayan wannan akwai bambancin kalanda. Hutun ƙarshen mako a Masar da Jodan da Saudiyya Juma'a ne da Asabar. Azumin Ramadan da sabuwar shekarar Sinawa da hutun watan Agusta a Faransa da Italiya duk suna shafar wa'adin aiki. Ƙungiyar da ke da mambobi a Tokiyo da Jeneba da Kalifoniya ba ta da sa'ar da ta dace da kowa, don haka akan riƙa juya lokacin taro domin kada ɓangare ɗaya ya zama shi ne kullum ke tashi cikin dare.

Sunaye da lambobi. Sinawa da Japanawa da Koriyawa suna fara rubuta sunan dangi, abin da ke sa a juya sunayensu a jerin marubuta. Masanin da ke rubuta sunansa Muhammad a wata maƙala, Mohammed a wata, ko wanda sunan garinsu ne ya zama sunansa na ƙarshe, yana iya rarrabuwa zuwa mutum biyu ko uku a rumbunan bayanai. Lambar shaida ta ORCID, wadda aka ƙaddamar a 2012, tana rage wannan matsala. Haka kuma 03/04 yana nufin 4 ga Maris a Amurka, amma 3 ga Afrilu a Birtaniya da Najeriya. A Faransa da Nijar ana rubuta 1,5 inda Najeriya ke rubuta 1.5.

Al'adar ma'aikata. Bambanci ba ya tsayawa a iyakar ƙasa. A ranar 23 ga Satumba 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter yayin da ya isa duniyar Mars. Bincike ya nuna cewa manhajar kamfanin Lockheed Martin tana ba da lissafin ƙarfin turi da ma'aunin fam, su kuwa masu sarrafa kumbon suna ɗauka da ma'aunin niwton ne, wanda ya sa lissafin ya kauce da ninki kimanin 4.45. Dukkan ɓangarorin Amurkawa ne masu harshe ɗaya. Ana yawan kawo wannan misali a kwasa-kwasan horo domin nuna illar abin da aka ɗauka kowa ya sani.

Misali na farko: CERN

Ƙasashen Turai 12 ne suka kafa CERN a 1954 kusa da Jeneba, a kan iyakar Suwizalan da Faransa, shekaru tara bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma Jamus ta Yamma da Italiya suna cikin waɗanda suka kafa ta. Harsunanta na hukuma Turanci ne da Faransanci. A yau masana daga ƙasashe sama da 100 suna amfani da na'urorinta, ciki har da babban zoben karo da ƙwayoyin zarra mai tsawon kilomita 27.

Manyan gwaje-gwajen cibiyar, ATLAS da CMS, kowannensu yana da dubban masana waɗanda jami'o'insu ne ke biyansu albashi. Saboda haka shugaban gwaji ba shi da ikon korar kowa. Zaɓensa ake yi na ɗan wa'adi, kuma sunan muƙaminsa ma kakaki ne. Aiki yana tafiya ne bisa rubutacciyar yarjejeniya da ke fayyace abin da kowace cibiya za ta kawo, da kwamitocin da ke duba kowane sakamako kafin a fitar da shi. Lokacin da aka sanar da gano ƙwayar Higgs a ranar 4 ga Yuli 2012, Fabiola Gianotti 'yar Italiya ce ta yi magana da yawun ATLAS, Joe Incandela Ba'amurke kuma da yawun CMS.

Batun raba yabo an warware shi da ƙa'ida guda: duk wanda ya cika sharaɗin hidima ga gwajin ana sa sunansa a kowace maƙala, bisa jerin haruffa. Wata maƙala da ƙungiyoyin biyu suka buga tare a 2015 tana ɗauke da sunayen marubuta 5,154. Tsarin yana hana rigimar waye na farko, amma yana wahalar da matasan da jami'o'in ƙasashensu ke auna ci gaba da yawan maƙalun da mutum ya zo na farko a cikinsu. Buƙatar musayar bayanai tsakanin waɗannan masana da ke warwatse ce ta sa Tim Berners-Lee ya gabatar da shawarar tsarin yanar gizo a CERN a 1989.

An kwaikwayi tsarin CERN wajen kafa cibiyar SESAME a Jodan, wadda aka buɗe a 2017. Mambobinta sun haɗa da Masar da Iran da Isra'ila da Jodan da Pakistan da Falasɗinu da Turkiyya da Kubrus, waɗanda wasunsu ba su da hulɗar diflomasiyya da juna.

Misali na biyu: ayyukan sararin samaniya

A ranar 17 ga Yuli 1975 kumbon Apollo na Amurka ya haɗu da Soyuz na Tarayyar Sobiyat a sararin samaniya, inda Thomas Stafford da Alexei Leonov suka gaisa. Ƙa'idar da aka bi ita ce kowa ya yi magana da harshen mai sauraro: Amurkawa su yi Rashanci, Rashawa su yi Turanci. Hikimar ita ce mai magana da baƙon harshe yakan yi a hankali da sauƙaƙan kalmomi, mai sauraro kuma yana jin saƙon da harshensa.

Shekaru 20 bayan haka Amurkawa suka soma zama a tashar Mir ta Rasha. Na farkonsu, Norman Thagard, ya yi kwana 115 a tafiyarsa ta 1995, ya kuma bayyana cewa kaɗaicin al'ada yana cikin abubuwan da suka fi damunsa, domin yakan yi kwanaki bai yi magana da mai jin Turanci ba. Darussan da aka koya a Mir sun shiga tsarin Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ƙasashe 15 suka sa hannu a yarjejeniyarta a 1998, kuma mutane ke zaune a cikinta ba yankewa tun ranar 2 ga Nuwamba 2000. 'Yan sama jannatin da za su je can suna koyon Turanci da Rashanci, suna yin horo a cibiyoyin juna a Amurka da Rasha da Jamus da Japan da Kanada. Akwai rubutacciyar dokar ɗabi'a ga ma'aikatan tashar wadda ta fayyace ikon kwamanda, kuma cin abinci tare yana cikin hanyoyin da ma'aikatan ke ƙarfafa zumunci.

Rashin daidaito tsakanin abokan bincike

Wani lokaci abin da ake kira bambancin al'ada bambancin ƙarfi ne. Idan kuɗin bincike da na'urori suna hannun ɓangare ɗaya, ɗaya ɓangaren yana iya yin shiru don gudun rasa tallafi. Akwai abin da ake kira bincike irin na jirgi mai saukar ungulu, inda masana daga ƙasashe masu arziki ke sauka su kwashi samfuri da bayanai su tafi, ba tare da sa sunayen masanan gida a maƙala ko mayar wa al'umma sakamako ba.

An samar da dokoki da dama a kan haka. Sanarwar Montreal ta 2013 ta buƙaci abokan bincike su amince tun farko a kan manufa da rabon aiki da mallakar bayanai da jerin marubuta. A 2017 al'ummar San ta Afirka ta Kudu ta fitar da nata kundin ɗa'ar bincike, wanda ya wajabta wa masana neman izininta. A 2018 aka fitar da kundin TRUST, wanda ya ginu a kan adalci da girmamawa da kulawa da gaskiya, kuma Hukumar Tarayyar Turai ta karɓe shi ga ayyukan da take ba kuɗi. Sanarwar Cape Town, wadda ta fito daga taron duniya kan amanar bincike na 2022, ta ƙara jaddada adalci a haɗin gwiwa. Tsarin CRediT kuma ya kasa gudummawar marubuta gida 14 domin a san takamaiman abin da kowa ya yi.

Ƙwarewar da ake koyarwa

Darla Deardorff ta bayyana a 2006 cewa ƙwarewar tana farawa ne daga hali, wato girmamawa da son sani, sannan ilimi, sannan iya aiki. Abubuwan da kwasa-kwasan horo suka fi maimaitawa ga masana kimiyya su ne:

Sanin al'adar kai. Mutum ya gane cewa yadda ya saba yin suka ko gaisuwa ko rubuta saƙo hanya ɗaya ce cikin hanyoyi da yawa.

Jinkirta hukunci. A raba abin da aka gani da fassarar da aka yi masa. Rashin amsa saƙon imel na iya nufin mutum yana jiran izinin shugabansa.

Tabbatar da fahimta. Maimakon tambayar «kun gane?», wadda amsarta kusan kullum «e» ce, a nemi mutum ya faɗi matakin da zai ɗauka da ranar da zai gama.

Rubuta yarjejeniyar ƙungiya. A fayyace ma'aunai da tsarin kwanan wata, da wanda ke yanke hukunci, da wanda ya mallaki bayanai, da ƙa'idar jerin marubuta. A lissafi da fiziks na ƙwayoyin zarra ana bin haruffa, a kimiyyar lafiya kuwa na farko da na ƙarshe ne ke da daraja.

Buɗe ƙofofi da yawa na magana. A tura ajanda kafin taro, a zagaya da tambaya ga kowa, a fara da ƙanana kafin manya, a kuma ba da damar aiko da ra'ayi a rubuce bayan taro.

Amfani da masu tsaka-tsaki. Wanda ya yi karatu ko aiki a ɓangarorin biyu yakan iya fassara manufa, abin da ƙamus ba ya yi.

A ƙasar Hausa

Ƙungiyoyin bincike na ƙasa da ƙasa sun daɗe suna aiki a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, musamman a harkar noma da lafiya. Cibiyar IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, tana da tasha a Kano. Cibiyar ICRISAT mai hedikwata a Indiya tana da tasha a Sadore kusa da Yamai. Irin waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar maruka, wanda aka fitar a 2019, ya samu ne daga haɗin gwiwar Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello, da hukumar CSIRO ta Ostireliya, da gidauniyar AATF da ke Nairobi. Tsakanin Najeriya da Nijar ma akwai shingen Turanci da Faransanci, inda Hausa kan zama harshen da masana da manoma ke haɗuwa a kai.

Ɗabi'un kunya da kara da girmama na gaba suna iya samun gurguwar fassara a wajen baƙi. Sunkuyar da kai a gaban babba, wanda ladabi ne, Bature yana iya ɗaukarsa rashin tabbas. Doguwar gaisuwa kafin shiga magana, ko ƙin musabaha tsakanin mace da namiji, suna buƙatar bayani tun farko. Haka shi ma baƙon da ya shiga ƙauye ya soma tambayoyi ba tare da ya gaida mai gari ba yana iya rufe wa aikinsa ƙofa.

Sadarwa da al'ummar da ake bincike a cikinta tana da nata nauyin. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara 200, inda 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a yi musu cikakken bayani ba, kamfanin kuma ya ce an nemi izininsu da baki kuma cutar ce ta yi kisan. An sasanta da gwamnatin jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Masu nazari da dama suna lissafa lamarin cikin abubuwan da suka ƙara rashin yarda lokacin da wasu jihohin arewa suka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, wanda aka ci gaba da shi a Kano a 2004.

Suka

Ana sukar ma'aunan kwatanta ƙasashe da cewa suna iya zama sabuwar hanyar yi wa mutane kuɗin goro. Brendan McSweeney ya yi jayayya a 2002 cewa ma'aikatan kamfani ɗaya ba za su wakilci ƙasa gaba ɗaya ba. A bayanan Hofstede na farko an haɗa Najeriya da Gana da Saliyo a matsayin yanki guda, duk da ɗaruruwan harsunan da ke cikinsu. Bambancin da ke tsakanin mutanen ƙasa ɗaya sau da yawa ya fi wanda ke tsakanin ƙasashe biyu, kuma shekaru da jinsi da fannin karatu da wurin da mutum ya yi digirinsa duk suna tasiri. Wasu masanan kuma suna ganin horon kwana ɗaya ko biyu ba ya canja komai idan ba a taɓa batun biza da rabon kuɗin bincike da tsadar buga maƙala ba. Saboda haka yawancin masu koyar da fannin a yau suna gabatar da ma'aunan a matsayin abin fara tattaunawa, suna kuma ba da shawarar a tambayi abokin aiki kai tsaye yadda yake so a yi hulɗa da shi.